Annobar da Dokta Albert Ya Gano a Saman Ƙafa

Samaru gari ne da ba a rasa masana a cikinsa. In ka tsaya bakin titi kana jiran keke, da wuya mutum goma su wuce ba ka ga mai digiri uku a cikinsu ba. Akwai masanin ƙasa, akwai masanin taurari, akwai wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin ƙwaron da ke cin wake. Amma in aka zo maganar saman ƙafar ɗan Adam, wato daga idon sawu zuwa tushen yatsu, sai kowa ya ja da baya ya ba Dokta Albert Bawa Sambo wuri. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma dattijo ne da ba a san shi da ƙarya ba.

Kada a tambayi inda aka ba shi dokta, tambayar ba ta da ladabi. Abin da aka sani shi ne, ya yi shekara ashirin da takwas yana aiki a ɗakin koyar da sassan jiki na wata makarantar likitoci. Aikinsa goge allo da jera kujeru. Sai kuma sau ɗaya a shekara, ranar darasin saman ƙafa, ya tsaya gaban aji riƙe da wata ƙatuwar ƙafar roba, yana jujjuya ta duk inda malami ya nuna. Kai da ƙirji da hannu wani ma'aikacin ne ke riƙe su, wanda ya riga shi shiga aiki. Saboda haka darasi guda Albert ya ji a rayuwarsa, amma ya ji shi sau ashirin da takwas, kuma babu ɗalibin da zai bugi ƙirji ya ce ya yi haka. Ɗalibai sun shigo sun fita, malamai uku sun yi ritaya, ƙafar tana hannun Albert. Da nasa lokacin ya zo, makarantar ta riga ta sayi sabuwar ƙafa, sai aka miƙa masa tsohuwar mai karyayyen ƙaramin yatsa. Wasu sun ce shara aka rage. Shi dai ya karɓe ta da hannu biyu, a matsayin takardar shaida.

Tun daga ranar, ƙafar take kwana cikin farin tawul, take yawo cikin jakar fata. Ta je biki, ta je jana'iza, ta je teburin mai shayi. Mutanen Palladan, inda yake zaune, suka yi masa suna Sarkin Saman Ƙafa. Da sunan ya kai kunnensa bai yi fushi ba, ya dai ce ai sarauta gado ce, shi kuwa nasa da gumi ya samu.

Mutum ne mai tsare iyakar fanninsa. Ranar da Dattijo Raphael, tsohon hedimasta kuma ma'ajin coci, ya taka ƙusa ya ɗingiso gidansa, Dokta ya sa tabarau, ya ɗaga ƙafar, ya leƙa, ya ajiye ta a hankali.

"Wannan tafin ƙafa ne, Dattijo. Ƙasa ke nan. Ni a sama na ƙware. Mu masana ba ma shiga gonar juna."

Amma in ka kawo masa saman, to ka nemi wurin zama. Zai warware tawul kamar mai buɗe kayan lefe, ya share murya.

"Ku dubi jan layin nan. Jijiyar jini ce. Mu a fanninmu dosalis fedis muke ce mata, ba sai kun riƙe ba, za ta wahalar da ku. Ta gangaro daga ƙwauri, ta ratsa wuyan ƙafa, ta nufi tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Ɗaga babban yatsanka. Ka ga igiyar da ta miƙe? Sa yatsa biyu a gefenta, ta wajen ƙananan yatsu. Ka ji bugu? Zuciyarka ce ke gaishe ka daga nesa. Wannan layin ruwan ɗorawa da ke yi mata rakiya kuwa jijiyar ji ce, ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin ɗan lungun nan na tsakanin yatsu biyun farko. Tudun naman nan da ke gaban idon sawu na waje kuma tsoka ce, ita ke taya yatsu ɗagawa. Ba kumburi ba ne. Ku daina ɓata man zafinku a kansa."

Abin haushin shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Ko Mama Keziya, wadda ta yi shekara talatin da biyar tana aikin jinya kafin ta ajiye, ta taɓa saurarensa har ƙarshe ta ce babu kuskure ko ɗaya. Shi dai bai gode mata ba, don har yau Albat take kiransa, kamar lokacin da take koya musu waƙa a makarantar Lahadi. In ba ta kusa, Mai Allura yake ce mata.

Da a nan ya tsaya, da an zauna lafiya. Amma babban masani ba ya rayuwa a kan ilimin wasu har abada, dole wata rana ya ƙara nasa.

A jikin ƙafar roba akwai wata farar ɗamara da ta gitta wuyan ƙafa. Malaman sukan ce ita ke danne igiyoyin tsoka don kada su tashi kamar tsirkiyar baka in mutum ya ɗaga yatsu. Wata ranar Talata Dokta yana zaune gindin mangwaro yana kallon ɗamarar nan, sai tunani ya sauko masa. Me ya rage a duniya da ba ya saki in ya tsufa? Bel ɗin wandonsa ya saki. Ƙyauren ɗakin girki ya saki. Fankar coci ta saki har tana gaisuwa. To don me ɗamarar ƙafa za ta fita daban? Ashe duk namijin da ya haura hamsin yana yawo ne da sakakkiyar ƙafa bai sani ba!

Kafin rana ta faɗi ya ƙirƙiro magani, ya raɗa masa Ɗaurin Ilimi. Za ka samo doguwar igiyar takalmi, ka ja ta a kowace huda har gefen takalmi biyu su haɗu su yi musabaha, ka zagaya wuyan ƙafa da ita sau biyu, sannan ka ƙulla sau uku daidai kan ɗamarar. In ɗan yatsa ya iya shiga ƙarƙashin igiyar, ba ka ɗaura komai ba.

Ya kai binciken gaban Zumuntar Maza ta cocinsu, ya nuna a jikin roba, ya nuna a jikin kansa, ya sa aka ɗauki bidiyo aka watsa a zauren wayarsu. Wa zai yi gardama da mai dosalis fedis a baki? Cikin mako biyu dogayen igiyoyi suka ƙare a shagon Uzodinma da ke PZ a Sabon Gari, har ya aika a ƙaro. In Dokta ya wuce ƙofar shagon, Uzodinma yakan miƙe tsaye ya sara masa. Ranar Lahadi kuwa sai ka ga dattawa sun jero suna shiga sujada da ɗan gajeren taku, fuska a ɗaure, gumi a goshi. Baƙo zai ɗauka tsoron Allah ne ya yi musu yawa.

Ana cikin haka kujerar shugaban Kwamitin Lafiya na coci ta zama babu kowa a kanta. Ba kujerar wasa ba ce. Mai ita yana zama a sahun gaba kusa da Rabaran, kuma ana buga sunansa da hotonsa a kalandar shekara, wadda ake ratayewa a falon kowane ɗan ikilisiya daga Samaru har Jushi. Dokta ya rufe ido ya hango ta: shi da baƙar kwat, ƙafar roba a hannu, a ƙasa an rubuta Dokta da baƙin tawada, yadda ba mai iya gogewa. Shekara ashirin da takwas yana tsaye wasu na magana. Wannan karon shi za a saurara.

Aka sa zaɓe ranar Lahadin ƙarshen wata, bayan sujada. Matsala guda ce: Zumuntar Mata ta tsayar da Mama Keziya, kuma matan sun fi mazan yawa, sun kuma fi su zuwa da wuri. Dokta ya san ɗauri kaɗai ba zai kai shi ba. Yana bukatar babban abu, irin wanda ake tunawa da mutum bayan ransa.

Sai Ubangiji ya turo masa Dattijo Raphael, yana ɗingishi a karo na biyu.

"Dokta, yau kam sama ne. Lungun nan na tsakanin babban yatsa da na biye ya mutu mini murus. In na tsunkule shi kamar naman wani. Saman kuma sai minjirya take yi mini, zir-zir, har ƙwauri."

Gaban Dokta ya faɗi, don shi ma mako uku ke nan nasa lungun ya daina amsa kira, yana ɓoyewa. Amma kafin faɗuwar gaban ta kai ƙasa ta rikiɗe ta zama murna. Mutum ɗaya ciwo ne. Mutum biyu kuwa, ai bincike ya samu.

Ya sayi sabon littafi mai bangon kwali ya shiga bin gidaje. Malam Eric mai koyar da mawaƙa yana da ita. Tsohon direban Rabaran yana da ita, ƙafa biyu. Kafin mako ya zagayo ya tara maza goma sha ɗaya, shi ne na sha biyu. Ya jera abin da ya gano, da jan biro: cutar maza kaɗai take kamawa. Cikin mazan ma sai 'yan zumunta. Tana tsananta ranar Lahadi da yamma. Waɗanda ke zuwa gona da silifas sukan ji sauƙi wajen Alhamis, Lahadi ta dawo musu sabuwa fil. Ko mace ɗaya ba ta kamu ba.

Mai ƙaramin sani da ya ga wannan jeri zai yi saurin yanke hukunci. Dokta ya ɗauki kwana uku. Sannan ya gane: cuta ce ta masu zurfin tunani. Wa'azi yana sa namiji nazari, nazari yana sa ƙwaƙwalwa ta janye jini daga nesa, kuma babu inda ya fi ƙafa nisa. Magani kuwa a fili yake, a ƙara matse ɗaurin don a tsare ɗan jinin da ya rage.

Matarsa Sarah tana tankaɗen gari a tsakar gida lokacin da ya karanta mata wannan, yana zaune ya miƙe ƙafafu yana cije leɓe.

"Baban Lovelyn," ta ce, ba ta ko ɗago ba, "anya ba takalmin nan ba ne?"

Ya dube ta ta saman tabarau, da tausayi irin na manya.

"Maman Lovelyn, shekara nawa kika yi a ɗakin koyarwa?"

Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ranar zaɓe Dokta ya yi ɗaurin da bai taɓa yin irinsa ba, har sai da ya taka gefen gado ya ja da hannu biyu. Daga ƙofar coci zuwa sahun gaba ya huta sau biyu, yana yi kamar gaisawa yake da jama'a. Da aka gama sujada Rabaran ya ba kowane ɗan takara minti goma. Mama Keziya ta yi uku: a riƙa auna hawan jini, a gyara magudanar bayan coci, a daina sayen magani a hannun masu lasifika. Ta zauna. Dokta ya ji tausayinta.

Ya sa majinyatansa goma sha ɗaya suka jeru a benci suna fuskantar jama'a, takalma na ƙyalli, ƙulli uku-uku. Ya ɗora ƙafar roba a kan tebur, ya yaye tawul.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, ban zo neman kujera ba. Kujera ce ta zo nemana. Yayin da wasu ke maganar kwata, ni ina gaban wata annoba da ba ta cikin kowane littafi. Na duba. Annoba ce mai zaɓen mutane, ba ta kama kowa sai mai nauyin kai. Iyayenmu mata kuwa, Ubangiji cikin jinƙansa ya hutasshe su."

Wani gunaguni ya taso daga ɓangaren masu ɗankwali. Dokta ya ɗauke shi a matsayin godiya.

"A al'adar masana, cuta takan ci sunan wanda ya gano ta. Na yi ta kaucewa, na yi addu'a a kai, amma al'ada ta fi ƙarfina. Daga yau duniya za ta san ta da suna Cutar Albert. Kuma ina yi muku alkawari, sunan nan zai fita daga ɗakin nan, zai ratsa Sabon Gari, zai shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba!"

Mazan benci suka yi tafi, don tafi ba ya bukatar ƙafa. Rabaran ya ce ko akwai mai tambaya. Mama Keziya ta miƙe da jakarta a hammata, ta tako gaba a hankali. Sai a lokacin Dokta ya lura daga kusa da Sarah ta taso.

"Albat, ni karatuna ya tsufa. Taimake ni da ƙafar nan taka. Ina layin nan ruwan ɗorawa yake bi?"

Ai an zo gidansa. Ya ɗaga ƙafar sama yadda na baya za su gani, ya juya ta daidai yadda ya saba.

"Nan, Yaya Keziya. Ƙarƙashin ɗamara, gefen jijiyar jini. Fata a samansa, ƙashi a ƙasansa, babu wani kitse da zai kare shi."

"To in wani abu ya danne shi a wurin fa?"

Bai yi tunani ba. Jimlar da ya ji sau ashirin da takwas ta fito da kanta, har da irin muryar malamin.

"Duk abin da ya danne shi a nan, a lungun yatsu biyun farko za a ji. Wurin zai mutu, minjirya ta..."

Ya tsaya.

Mama Keziya ta karɓi ƙafar daga hannunsa, ta durƙusa da ƙyar, ta ajiye ta a ƙasa gefen ƙafar Dattijo Raphael. Babu wanda ya bukaci bayani. Ƙullin nan uku yana zaune daram a kan layin ruwan ɗorawa, kamar da ma'auni aka ɗora shi. A nan Dokta ya tuna wani abu da bai taɓa zuwa masa a rai ba: ƙafar da ya yi shekara ashirin da takwas yana riƙewa ba ta taɓa sa takalmi ba.

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai ta zaro almakashi daga jaka. Ƙyat. Da aka zare takalmin da safa, sawun igiya ya fito raɗau a fatar, layi-layi kamar kifin da aka gasa a kan waya. Dattijo Raphael ya yi wata ajiyar zuciya da aka ji ta har wajen masu ganga. Ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana kallonsu kamar 'ya'yan da suka dawo daga tafiya.

"Wani zai ji daidai yau, wani sai ya yi makonni," in ji Mama Keziya. "Wanda bai ji sauƙi ba ya zo mu je asibiti. Sauran ku kuma me kuke jira?"

Ba da mazan take ba. Matansu suka taso. Ashe an zo da shiri: wannan da almakashin ɗinki, waccan da reza, matar Malam Eric da wuƙar ɓare lemo. Cikin minti biyar annobar da ba ta cikin kowane littafi ta zama tarin guntayen igiya a gaban bagade, dattawa goma sha ɗaya suna zaune ƙafa tsirara suna murmushi.

Dokta bai faɗi ba, a yaba masa. Ya gyara kwat, ya ce: "Wannan gwaji da na ba da izinin yi ya tabbatar da abin da na daɗe ina koyarwa game da layin ruwan ɗorawa." Rabaran ya ce Amin da sauri, ya ce a ɗaga hannu.

Ba a wahala da ƙirga na Mama Keziya ba. Dokta ya samu hannu biyu. Ɗaya nasa. Ɗayan na Sarah ne, ta ɗaga shi sama sosai ba ta jin kunyar kowa, ɗaya hannun kuma yana riƙe da silifas ɗinsa na wanka da ta taho da su daga gida cikin leda.

Sabuwar shugaba ba ta yar da shi ba. Ta ce duk cocin babu mai iya gano bugun saman ƙafa kamarsa, kuma tsofaffi masu ciwon suga suna bukatar a riƙa duba musu. Yanzu kowace Lahadi ta farkon wata za ka gan shi a durƙushe, yatsa biyu a kan ƙafar wata tsohuwa, yana gaya mata zuciyarta na gaishe ta. Ya iya aikin ƙwarai. Kalanda ta fito, sunansa na can ƙasa da ƙananan baƙaƙe: A. B. Sambo, mamba.

Sai dai annabcinsa bai faɗi ƙasa ba. Bayan wata uku, bikin 'yarsa Lovelyn ya matso, ya shiga Sabon Gari neman sabon takalmi. Ya kauce wa shagon Uzodinma, wanda har yanzu yake da kwali biyu na dogayen igiyoyi kuma ya daina sarawa. Ya shiga na wata Madam Folasade, wadda ba ta san shi ba. Ya gwada wani baƙi mai sheƙi, hannunsa ya ja igiyar da ƙarfi bisa sabo.

"A'a, Baba, sassauta!" in ji ta. "Kada Albert ya kama ka."

Ya ɗago a hankali. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga wuyan ƙafa har ƙeya. Ga shi nan, a bakin wadda ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

"Madam, kin san ko wane ne Albert ɗin?"

"Oho. An ce wani tsoho ne a Palladan da ya ɗaure mazan cocinsu gaba ɗaya, sai da mata suka zo da almakashi."

Mai ƙaramin matsayi da ya yi shiru. Dokta ya miƙe tsaye, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗaya cikin safa, ya gyara tabarau.

"To yau kin gan shi. Ni na gano cutar."

Madam Folasade ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta sunkuya, ta zare takalmin daga ƙafarsa a hankali, ta mayar cikin kwali, ta ɗora can saman kanta inda hannunsa ba zai kai ba. Sannan ta jawo wani buɗaɗɗe, marar igiya ko ɗaya, ta ajiye a gabansa.

"Sannu, Baba. Kai wannan za ka saya."